Idan an toshe jijiya, me tsoka ke yi? Tambayoyi da amsoshi kan magungunan da ke tare saƙon jijiyoyin ko-ta-kwana

Na daɗe ina koyar da ilimin magunguna, kuma babu darasin da ke rikita ɗalibai kamar wannan. Abin da ya sa na ga ya dace in rubuta shi da Hausa shi ne, tambayar da ɗalibi ke yi a aji ita ce majinyaci ke yi a bakin kanta, sai dai kowa da irin bakinsa. Ɗalibi zai ce, "Malam, me ya sa tsoka ta daina jin jijiya amma tana jin allura?" Dattijo kuma zai ce, "Ɗana, tun da na fara maganin nan, in na ɗago daga sujada sai in ga duhu." Amsarsu guda ce.

Kafin mu shiga, a lura da kalmar jijiya. Bahaushe yana kiran hanyar jini jijiya, yana kiran agara jijiya, yana kuma kiran zaren da ke ɗauko saƙo daga ƙwaƙwalwa da laka jijiya. A nan, duk inda na ce jijiya kawai, mai ɗaukar saƙo nake nufi. Ta jini zan kira ta hanyar jini.

Wace ce tsoka mai santsi, kuma ina take a jiki?

Tsokar damtse da ta cinya kai ke ba su umarni, kuma in an duba su da madubin ƙara girma za a ga zane-zane a jikinsu. Akwai wata iri da ba ta da wannan zanen, shi ya sa ake ce mata mai santsi, kuma ba ta jiran umarninka. Ita ce ke nannaɗe da hanyoyin jini, ita ce a bangon hanji da mafitsara da mahaifa da bututun numfashi da bututun maniyyi. Ita ke buɗe ƙwayar ido tana tsuke ta. Ko tsikar jikin da ke tashi in ka ji tsoro ko sanyin hunturu ya doke ka, aikinta ne: kusan kowane gashi yana da 'yar tsokarsa a gindi.

Su wane ne jijiyoyin ko-ta-kwana?

A asibiti ana ce musu simfatetik. Na fi son in kira su na ko-ta-kwana domin aikinsu ke nan, shirya jiki ya tari abin da ya taso. Suna fitowa daga laka tun daga saman ƙirji har zuwa farkon ƙugu. In kare ya biyo ka, su ne ke sa zuciya ta buga da ƙarfi, hanyoyin jinin fata da na hanji su tsuke, ƙwayar ido ta buɗe, ciki ya dakata da niƙa.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, ba sai lokacin tsoro suke aiki ba. Ko kana kwance kana hutawa, suna aika wa hanyoyin jini saƙo a hankali, kamar sau ɗaya ko biyu a daƙiƙa, don su zauna a ɗan matse. A 1851 Claude Bernard na Faransa ya yanke wannan jijiyar a gefe ɗaya na wuyan zomo. Kunnen wannan gefen ya yi ja, ya yi ɗumi, hanyoyin jininsa suka fito raɗau, ɗayan kunnen kuwa yana nan yadda yake. Duk abin da za mu tattauna a nan, kunnen zomon nan ne asalinsa: yanke saƙo, tsokar hanyar jini ta saki.

To ta yaya saƙon ke isa ga tsoka?

Zango-zango yake tafiya. Jijiya ta farko ta baro laka ta tsaya a wani ƙulli da ake kira gangiliyon, wanda yake kamar tashar da ake sauya mota. A can ta zuba sinadarin asetilkolin, shi kuma ya tada jijiya ta biyu. Ta biyun ita ke tafiya har jikin tsoka, kuma a ƙarshenta akwai ƙananan jakunkuna cike da noradirenalin. Ulf von Euler na Suwidin ne ya tabbatar a 1946 cewa wannan sinadarin ne ɗan aiken. Da saƙo ya iso, jakunkunan su fashe, noradirenalin ya zubo ya manne a makarɓan da ke jikin tsoka.

Makarɓan nan iri biyu ne manya, kamar yadda Raymond Ahlquist na Amurka ya rarrabe su a 1948: alfa da bita. In noradirenalin ya hau makarɓin alfa-1, kalsiyam ya ƙaru a cikin ƙwayar tsokar, sai ta tsuke. In makarɓin bita-2 aka taɓa, sai ta saki. Da an gama, jijiyar ta sake zuƙe mafi yawan abin da ta zubar ta mayar rumbu. Ka riƙe wannan zuƙewar, za mu dawo gare ta.

Ashe maganin toshe jijiya ba iri ɗaya ba ne?

Ko kusa. Kowane zango yana da mai tare shi, kuma inda aka tare shi ne ke nuna abin da zai biyo baya.

Akwai masu hana saƙo tafiya a jikin zaren kansa, ta hanyar rufe ƙofofin sodiyam. Su ne allurar kashe zafi irin lidokain da bufibakain, da kuma tetirodotoksin, gubar da ke cikin dangin talibambam na teku wanda Japanawa ke ci. Akwai masu rufe tasha, kamar heksametoniyam da William Paton da Eleanor Zaimis suka yi aiki a kansa a Landan a ƙarshen shekarun 1940. Akwai masu shiga bakin jijiya ta biyu su hana jakunkuna zubar da kayansu, wato biretiliyam da guwanetidin, da suka fito wajen 1959 zuwa 1960. Resafin kuma rumbun yake wawushewa, saƙo ya iso ya tarar babu abin zubawa. Na ƙarshe su ne waɗanda ba ruwansu da jijiya, jikin tsoka suke zuwa su zauna a kan makarɓi: farazosin da fentolamin a kan alfa, furofaranolol a kan bita.

Yaya masana ke gane inda magani ya tare, tun da ba a gani da ido?

Wannan ita ce tambayar da na fi jin daɗin amsawa, domin dabara ce mai sauƙi da kyau. Kyanwa tana da fatar ido ta uku, wata 'yar yana a lungun ido, wadda tsoka mai santsi ke ja, kuma jijiyar ko-ta-kwana ce kaɗai ke ba ta umarni ta wata tasha da ke saman wuya. Masanan da suka gabata sukan sa wa kyanwa maganin barci, su ɗaura zare a jikin fatar, zaren ya ja alƙalami da ke zane a kan ganga mai juyawa da aka shafe da baƙin hayaƙi. Daga nan sai su ƙwanƙwasa ƙofa uku: su tsikari jijiya da lantarki kafin tasha, su tsikare ta bayan tasha, sannan su ba da noradirenalin kai tsaye ta jini.

In an ba da heksametoniyam, tsikarin farko ba ya yin komai, amma na biyu da na uku suna aiki. Ke nan matsala a tasha take. In guwanetidin ne, na farko da na biyu duka shiru, amma noradirenalin na allura yana ja da ƙarfi. Ke nan tsoka lafiyarta lau, bakin jijiya aka rufe. In kuwa fentolamin ne, ukun duka sun raunana, domin kunnen tsokar aka toshe. Duk da haka in ka zuba mata gishirin fotasiyam za ta tsuke, shaidar cewa ba mutuwa ta yi ba.

Asalin dabarar ya girmi waɗannan magungunan. Tun 1889 John Langley da abokin aikinsa Dickinson a Kambirij suke shafa nikotin, sinadarin taba, a kan gangiliyon da ɗan burushi, su ga wane saƙo ya tsaya wane ya wuce. Da haka aka zana taswirar waɗannan jijiyoyi.

Kun ce noradirenalin na allura yana ja "da ƙarfi" bayan an toshe jijiya. Ba raguwa ya kamata ya yi ba?

Nan ne hankali ke cewa abu ɗaya, jiki ya yi wani. Tsokar da aka yanke wa saƙo ƙara kasa kunne take yi. Dalili biyu ne. Na farko nan take yake faruwa: zuƙewar nan da jijiya ke yi ita ce ke rage yawan noradirenalin a bakin tsoka, wanda Julius Axelrod ya gano wajen 1960. Guwanetidin ta wannan ƙofar yake shiga jijiya, don haka yana cunkushe ta, abin da aka zuba daga waje ya rasa mai kwashe shi. Na biyu a hankali yake zuwa, cikin kwanaki zuwa makonni: tsokar da ta daɗe ba ta ji kira ba tana sauya kanta har ɗan ƙaramin kira ya ishe ta. Walter Cannon na Harvard ya bayyana wannan a matsayin ƙa'ida a 1939.

Wannan ba zancen ɗakin gwaji kaɗai ba ne. Mai shan irin wannan magani saboda hawan jini in ya sayi maganin mura mai ɗauke da fenilefirin a kemis, awon jininsa na iya yin tsalle fiye da na wanda ba ya sha. Shi ya sa ban taɓa gajiya da cewa a nuna wa mai kemis duk abin da ake sha kafin a karɓi sabo ba. Akwai kuma juyin wannan: tsofaffin magungunan ciwon damuwa irin imifiramin suna rufe ƙofar zuƙewar, guwanetidin ya kasa shiga, hawan jini ya dawo kamar ba a shan komai.

Me ke faruwa da hanji, tun da shi ba tsukewa yake yi ba?

Gaskiya ne, ga hanji saƙon ko-ta-kwana "tsaya" ne. Gwajin da Finkleman ya fito da shi a 1930 har yanzu yana cikin littattafan koyarwa. Na tuna ranar da na fara ganinsa ina ɗalibi. An yanko ɗan guntun hanjin zomo tare da tantanin da jijiyoyinsa ke bi, aka rataye shi a cikin ruwan gishiri mai ɗumin jiki ana busa masa iska. Hanjin yana ta lilo shi kaɗai, alƙalami na hawa yana sauka. Malaminmu ya danna lantarki, lilon ya tsaya cik, layi ya miƙe. Ya saki, ya dawo. Sai ya ɗiga guwanetidin, muka jira. Ya sake dannawa, hanjin bai ko kula ba. Can gaba ma da aka danna sai ya ƙara matsewa maimakon ya saki, domin akwai 'yan zaren asetilkolin da ke bin hanya ɗaya, waɗanda da can ƙarfin noradirenalin ya danne su. Ajin ya yi tsit.

A jikin mutum fassarar wannan ita ce gudawa. Masu shan guwanetidin da resafin sun sha fama da ita, domin an cire birki an bar mai tura hanji shi kaɗai. Heksametoniyam kuwa taurin bayan gida yake kawowa, saboda tashoshin ɓangarorin biyu yake rufewa, na jijiyoyin ko-ta-kwana da na kishiyoyinsu masu tura hanji, kuma a hanji mai turawa ne ya fi rinjaye. Da bushewar baki, da dishi-dishin gani, da wahalar fitsari, ga jiri, shi ya sa aka daina amfani da shi da zarar an sami mafi sauƙi.

Shin noradirenalin ne kaɗai jijiyar ke zubawa?

A'a, kuma magungunan nan ne suka tona asirin. Bututun maniyyin ɓeran Masar, wanda Huković ya mayar da shi abin gwaji a 1961, yana amsa tsikarin jijiya da motsi biyu: fizga mai sauri, sannan matsewa mai jinkiri. In aka sa maganin da ke toshe alfa, mai jinkirin ya ɓace, amma fizgar tana nan. In aka sa guwanetidin, duka biyun su tafi. Ma'ana, daga bakin jijiya ɗaya abu biyu ke fitowa. Geoffrey Burnstock, wanda ya yi aiki a Melbon da Landan, ya daɗe yana cewa ɗayan shi ne ATP, sinadarin da ƙwayoyin jiki ke amfani da shi a matsayin makamashi. A 1976 ya rubuta cewa jijiya ɗaya na iya sakin ɗan aike fiye da ɗaya. An yi ta musanta shi shekara da shekaru kafin gwaje-gwajen shekarun 1980 su gaskata shi.

An yi wa matata allurar baya za a ciro jariri, sai aka ce jininta ya sauka. Kuskure aka yi?

Galibi ba kuskure ba ne, halin allurar ne, kuma ma'aikatan ɗakin tiyata da shirinsu suke shiga. Bufibakain da ake zubawa a ruwan da ke kewaye da laka ba ya tantance jijiya. Zaren ko-ta-kwana sirara ne, suna cikin waɗanda ke fara mutuwa, kuma toshewarsu takan haura sama da inda jin zafi ya tsaya. Shi ya sa abin da mace ke fara ji shi ne ɗumi a ƙafafu, tun kafin su yi nauyi. Kunnen zomon Bernard ke nan a rabin jiki. Hanyoyin jini sun saki, jini ya taru a ƙasa, wanda ke komawa zuciya ya ragu. Ga kuma nauyin ciki yana danne babbar hanyar jinin da ke bayansa in tana kwance rigingine.

Za ka ji mai ba da maganin yana cewa, "Hajiya, in kin ji tashin zuciya ki gaya mini da wuri," domin tashin zuciya kan riga na'ura ba da labari. Maganin abin shi ne ƙarin ruwa, a ɗan karkata ta hagu, a ba da fenilefirin ko efedirin. Ka lura da hikimar: an kashe jijiya, amma makarɓin alfa yana nan, sai a yi masa magana kai tsaye ta jini. In toshewar ta hau har saman ƙirji inda jijiyoyin da ke hanzarta zuciya suke, bugun ma yakan ragu, a nan efedirin ko atirofin ke shigowa don su hanzarta shi. Wannan fasaha ta allurar baya August Bier ya fara ta a Jamus a 1898, da hodar koken.

Me ya sa likitan haƙori ke cewa allurarsa da adirenalin a ciki?

Lidokain yana sa hanyoyin jinin wurin su saki, jini ya kwashe shi da wuri. Ɗan adirenalin kaɗan, kamar kashi 1 cikin 80,000 ko 100,000, yana tsuke su, maganin ya daɗe, zubar jini ta ragu. Koken shi kaɗai ne a cikinsu ke tsuke hanyar jini da kansa, saboda yana rufe ƙofar zuƙe noradirenalin.

An yi mini allura a wuya saboda ciwon hannu, sai ido ɗaya ya ƙanƙance. Zai dawo?

Zai dawo da zarar maganin ya sake ka, cikin sa'o'i. Tashar da ke gindin wuya aka toshe, ita ce kuma ke aika saƙo zuwa fuska. Fatar ido ta ɗan sauko domin akwai ƙaramar tsoka mai santsi da ke taimakawa wajen ɗaga ta, ƙwayar ido ta tsuke, gefen fuskar ya daina gumi, hanci ya toshe. Likitan ido Johann Horner na Suwizalan ya bayyana wannan haɗin alamomi a 1869, kuma likitoci na ɗaukarsa shaida ce cewa allura ta sauka inda ake so. Amma in alamomin suka zo haka kawai ba allura, a je asibiti, domin wani abu ne ke danne jijiyar a hanya.

Ni dai jiri ne ya dame ni tun da aka sa ni a maganin fitsari. Mene ne haɗinsu?

In mutum ya miƙe tsaye, kusan rabin lita na jini ko fiye yana gangarawa ƙafafu da ciki. A lafiyayyen jiki, kafin ka ankara jijiyoyin ko-ta-kwana sun matse hanyoyin jini sun mayar da shi sama. Magungunan kumburin furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, irin farazosin da dokzazosin da tamsulosin an ba ka su ne don su saki tsokar wuyan mafitsara fitsari ya wuce, amma makarɓin alfa-1 ɗin nan akwai shi a hanyoyin jini ma. Tamsulosin ya fi sauran tsayawa a mafitsara, sai dai shi ma bai kuɓuta gaba ɗaya ba.

Wani baffana ya sha ƙwayar farko da daddare, ya tashi tsakar dare zai kewaya, muka ji faɗuwarsa a bakin ƙofa. Allah ya kiyaye, goshi kawai ya fashe. Da safe ya ce mini, "Ɗana, maganin nan naku ba na mutane ba ne, na bar shi." Na zauna na ce, "Baffa, ƙwayar farko ce ta fi yin haka. In za ku tashi, ku zauna a bakin gado tukuna, ku motsa ƙafa, ku ƙirga ashirin, sannan ku miƙe kuna dafe da bango." Abin da ya ɓata mini rai shi ne, babu wanda ya gaya masa wannan a inda aka ba shi maganin, alhali magana ce ta minti ɗaya.

A asibiti ana auna jini a kwance, a sake aunawa a tsaye. In lambar sama ta faɗi da 20 ko ta ƙasa da 10 cikin minti 3, an tabbatar. Zafin bazara yana ƙara abin, domin hanyoyin jinin fata a buɗe suke ga gumi yana rage ruwan jiki. Haka bayan cin abinci mai nauyi, haka doguwar tsayuwa. Masu ciwon sukari da ya daɗe su fi kowa kula, domin ciwon kansa yana cin waɗannan jijiyoyi.

Ƙari ɗaya: wanda ya taɓa shan tamsulosin, ko da ya daina, ya faɗa wa likitan ido kafin a cire masa yanar ido. Tun 2005 aka gane cewa tsokar da ke buɗe ƙwayar ido takan yi laushi ta riƙa lilo lokacin aikin.

Akwai abin da ya shafi iyali? Ina jin nauyin tambayar likita.

Akwai, kuma ba abin kunya ba ne. Miƙewar gaba aikin kishiyoyin jijiyoyin ko-ta-kwana ne, amma turo maniyyi da rufe wuyan mafitsara a lokacin aikin ko-ta-kwana ne. Don haka masu shan guwanetidin a da, da wasu masu shan tamsulosin a yau, sukan ga maniyyi ya ragu ko bai fito ba. Yana dawowa in an sauya magani.

Akwai kuma ɗaya gefen da ya shafe mu sosai saboda yawan masu sikila a ƙasar Hausa. Kwanciyar gaba ba hutu ba ce kawai, noradirenalin ne ke riƙe da tsokar ciki a matse. Masu sikila kan gamu da miƙewa mai zafi da ta ƙi kwanciya, kuma jefi-jefi masu toshe alfa ma kan jawo ta. In ta kai awa 4, gaggawa ce, a tafi asibiti ko da tsakar dare ne. Cikin abin da ake yi har da allurar fenilefirin a wurin, don a tada makarɓin alfa. Jinkiri saboda kunya ya nakasa samari da yawa.

Me ya sa ake hana mai asma furofaranolol?

Tsokar bututun numfashi cike take da makarɓan bita-2 masu sa ta saki. A jikin ɗan Adam jijiyoyin ko-ta-kwana ba su cika isa gare ta kai tsaye ba, adirenalin da ke yawo a jini daga ƙullin kan ƙoda shi ke taɓa su, haka ma salbutamol na abin shaƙa. Furofaranolol, wanda James Black ya samar a Ingila a farkon shekarun 1960 har ya sami kyautar Nobel a 1988, yana rufe bita-1 na zuciya da bita-2 na huhu gaba ɗaya. Mai asma in ya sha, ƙirji na iya kullewa, abin shaƙarsa kuma ya ƙi aiki. Ko maganin ɗigawa na timolol da ake ba masu hawan jinin ido yana iya yin haka, domin yana bi ta hanci ya shiga jini.

Gumi fa? Shi ma yana tsayawa?

Ya danganta da maganin. Jijiyoyin gumi na ko-ta-kwana ne, amma asetilkolin suke zubawa. Guwanetidin da farazosin ba sa hana shi, masu rufe tasha suna hanawa, atirofin mai toshe makarɓan asetilkolin ma haka. Shi ya sa wanda ya sha zaƙami, mai ɗauke da dangin atirofin, za ka tarar jikinsa a bushe ƙamas, da zafi rau, idanu a buɗe.

An ce resafin daga itace aka samo shi. Ke nan saiwar ta fi ƙwaya aminci?

Daga itace ne. Masu maganin gargajiya na Indiya sun daɗe suna amfani da saiwar da suke kira sarfaganda. Likita Rustom Jal Vakil na Bombai ya wallafa sakamakonta a kan hawan jini a 1949, masanan kamfanin Ciba a Suwizalan kuma suka ware resafin daga cikinta a 1952. Akwai 'yar uwarta a dazuzzukan Afirka ta Yamma, wadda Yarbawa ke kira asofeyeje, ita ma da resafin a jikinta. Dattawan da suka sha Brinerdin a shekarun baya, resafin na cikin abin da suka sha.

Amma aminci yana wajen awo. Resafin in ya rufe rumbu ba ya sakinsa, sai jijiya ta ƙera sabon kaya, don haka aikinsa yakan ɗauki kwanaki har makonni bayan an daina. Yana kuma shiga ƙwaƙwalwa, yana iya kawo kasala da baƙin ciki mai tsanani, ga toshewar hanci, ga tada gyambon ciki. Ƙwaya an san nauyinta. Jiƙon saiwa kuwa na yau ba lallai ya yi daidai da na jiya ba, kuma wanda ya haɗa shi da maganin asibiti ya tare hanya ɗaya a wuri biyu.

Aldomet da ake ba masu juna biyu yana cikin wannan sahun?

Yana kusa. Metildofa ne, kuma daga sama yake aiki: jiki ya mayar da shi wani sinadari mai kama da noradirenalin, ya taɓa makarɓan alfa-2 a ƙwaƙwalwa, saƙon da ke saukowa zuwa hanyoyin jini ya ragu. Rage murya yake yi, ba ya yanke waya, shi ya sa jirinsa bai kai na guwanetidin ba. An daɗe ana amfani da shi ga masu ciki, an san halinsa. Barci da kasala a makon farko abu ne da aka saba gani.

In maganin ya dame ni, ko azumi ya zo, in ajiye shi kawai?

Kada ka ajiye da kanka. Ka tuna tsokar da aka daɗe ana tare wa saƙo ta ƙara kunne. Mai shan furofaranolol ko danginsa in ya yanke rana ɗaya, zuciya na iya rikicewa da bugu, mai ciwon zuciya kuma ya shiga haɗari. Kulonidin, wani maganin hawan jini mai aiki irin na metildofa, ya fi muni, domin awon jini kan yi tashin gwauron zabo cikin kwana ɗaya ko biyu. A hankali ake janye su, likita na rage awo.

Ga azumi, ka je wurin likitanka tun cikin Sha'aban da dukkan fakitin da kake sha a leda. Yawancin magungunan nan ana iya mayar da su lokacin buɗa-baki ko sahur. Masu toshe alfa sun fi dacewa da dare, bayan ka sha ruwa sosai ka gama tarawihi, ba kafin ka shiga sahu ba. In a cikin yini ka ga duhu na rufe ido, ka zauna nan take ko ka kwanta ka ɗaga ƙafafu a kan matashi, kuma in abin ya maimaita, a auna jininka a kwance da a tsaye kafin azumin gobe.